Daga Zango zuwa Awa: Awon Nisa da Lokaci a Tafiyar Alhazan Zamfara daga Sakkwato zuwa Jidda

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi nisan da ke tsakanin filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, da yadda Bahaushe yake auna wannan nisa da lokaci.

1.0 Gabatarwa

Tun asali da lokaci Bahaushe yake auna nisa. Yakan ce "tafiyar yini" ko "zango uku". Mahajjatan dauri da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya sukan shafe watanni, wasu ma shekaru. Zuwan jirgin sama bai sauya wannan tunani ba, ma'aunin ne ya koma "awa".

2.0 Nisa da Lokaci

Maniyyatan Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun daɗe suna tashi daga Sakkwato, bayan tafiyar mota ta kusan kilomita 200 daga Gusau, ta Maru da Talata Mafara. Daga Sakkwato zuwa Jidda kuwa, miƙaƙƙen nisa ya kai kimanin kilomita 3,700. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa zai ci wannan nisa cikin awa huɗu da kusan rabi. Idan aka haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan doshi awa biyar.

Wannan lissafi yana tsayawa ne idan hanya a buɗe take. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka koma zagaye, lokaci da kuɗin mai suka ƙaru.

3.0 Bambancin Agogo

Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10:00 na safe daga Sakkwato, ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 5:00 na yamma agogon Jidda, alhali a Gusau ƙarfe 3:00 ne. Wanda ya kwatanta agogon tashi da na sauka zai ce "awa bakwai muka yi". A dawowa kuma lissafin yakan ba shi awa uku. Wannan ruɗani yana shafar ibada, domin lokacin salla yana bin ranar wurin da matafiyi yake, kuma mai nufin Makka kai tsaye sai ya ɗaura harami kafin jirgi ya wuce daidai miƙati.

4.0 Kammalawa

Jimlar "tafiyar awa biyar ce" ta ƙunshi abubuwa uku: nisa, da hanyar da aka bi, da agogon da aka duba. Ya kamata masu bitar alhazai da masu tsara ƙamus su riƙa bambance "awannin tafiya" da "ƙarfen sauka", domin kalmar "lokaci" ita kaɗai takan haɗe su biyun.