Darasi: Kwano da Mudu

'Yan'uwa manoma, al'adarmu ce a Zariya mu aika wa maƙwabta Musulmi shinkafa ran Kirsimati, su kuma su aiko mana nama da Babbar Salla. Ku lura, maƙwabcin nan na Gyallesu shi ne zai sayi masararku a kasuwar Tudun Wada. In kun cika masa kwano kuka tauye mudu, zai manta da kwanon, ba zai manta da mudun ba. Sunanku da na ƙungiya tare za su ɓaci.

Saboda haka:
1. A cika mudu a gaban mai saye.
2. Kada a gauraya sabon hatsi da tsoho.
3. Kada a taɓa kuɗin ƙungiya don ɗinkin biki.

Tambaya: wace shaida masu saye ke yi mana?