Aikin Sa Wa Cututtuka Lamba: Horo da Takardar Shaida

A ƙasar Amurka, idan mara lafiya ya ga likita ya koma gida, takardunsa sai su wuce hannun wani ma'aikaci wanda ba ya yin allura, ba ya ba da magani, amma in babu shi asibiti ba zai ga kuɗinsa ba. Dalili kuwa shi ne, kamfanin inshora lambobi yake karantawa, ba dogon bayanin likita ba. Aikin wannan ma'aikaci shi ne mayar da kowace cuta da kowace hidima zuwa lambarta. Daga nan sai mai haɗa lissafi ya tsara takardar neman biya, ya aika, ya kuma bi sawu idan an ƙi biya.

Asalin lambobin ba neman kuɗi ba ne. A 1893 wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya tsara jerin musabbaban mutuwa domin ƙasashe su iya kwatanta alƙalumansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948, kuma shi ne kundin da aka sani da ICD. Tun 1 ga Oktoba 2015 Amurka take amfani da nata samfurin bugu na goma, wato ICD-10-CM, mai lambobi wajen 70,000. Hidimar da aka yi wa mara lafiya kuwa, kamar tiyata ko gwajin jini, tana da nata kundin, CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara fitarwa a 1966.

Alal misali, zazzaɓin cizon sauro na ƙwayar falsifarum yana ƙarƙashin B50, wanda ba a fayyace irinsa ba kuwa B54 ne. To, idan likita ya rubuta sunan zazzaɓin kawai, mai sa lamba ba shi da ikon zaɓen B50, ko da ya tabbata a ransa ita ce. Sai dai ya koma ya tambayi likita. Ƙa'idar ita ce, abin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin sa lambar da ta fi tsada da gangan zamba ce da kan kai asibiti da ma'aikacinsa gaban kotu, sa'annan lambar kuskure takan maƙale a tarihin mara lafiya, ta laƙaba masa ciwon da ba shi da shi.

Shiga aikin ba ya buƙatar digirin likita. Mai takardar sakandare yakan yi kwas na watanni zuwa shekara guda, ko karatun shekara 2 a kwaleji. Yakan koyi sassan jiki da aikinsu, da dokar kare sirrin majinyata ta 1996, da kalmomin likitanci masu tushe daga Girkanci da Latinanci. Wanda ya san cewa ɗafa-ƙeyar -itis na nufin kumburi, -ectomy kuma cirewa, ya rage wa kansa hadda mai yawa. Saboda haka ɗalibin da ya raina darasin bayoloji ya sake tunani.

Ƙungiyoyi biyu ne suka fi shahara wajen ba da shaida. AAPC, wadda aka kafa a 1988, ita ke ba da CPC. Jarrabawarta tambayoyi 100 ne cikin awa 4, kuma sai da kashi 70 cikin ɗari ake ci. An yarda a shiga da kundayen lambobi, amma wanda bai saba da shafukansu ba lokaci zai ƙure masa. Sabon shiga yakan ɗauki laƙabin CPC-A, alamar har yanzu almajiri ne, sai ya nuna ƙwarewar aiki a cire masa harafin. AHIMA, wadda ta samo asali tun 1928, tana ba da CCA ga masu farawa, da CCS ga waɗanda suka goge kan takardun majinyatan da aka kwantar. Shaidar ba ta dindindin ba ce, sai da ƙarin karatu ake sabunta ta, tun da yake kowace shekara ana gyara kundayen.

A Nijeriya jami'an adana bayanan lafiya ne ke riƙe da irin wannan aiki, suna kuma da hukumarsu ta rajista. Dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ta ƙara wa aikinsu nauyi. A farkon wannan shekara ta 2022 ɗin ne kuma bugu na goma sha ɗaya, ICD-11, ya fara aiki, kuma kowace ƙasa tana da nata lokacin komawa kansa.