Dabba Mai Kakaki A Ka

Cikin dabbobin da suka shuɗe tun kafin zuwan ɗan Adam akwai waɗansu da Turawa ke kira dainoso. Yau za mu duba ɗaya daga cikinsu, wadda masana ke ce wa Parasaurolophus. Ta yi zamaninta kimanin shekara miliyan 75 da suka wuce, a yammacin Amurka ta Arewa. Cikin 1920 aka tono ƙasusuwanta kusa da kogin Red Deer, a lardin Alberta na ƙasar Kanada, William Parks kuwa ya raɗa mata suna cikin 1922.

Tsawonta ya kai ƙafa 30, nauyinta ya ɗara tan 2. Bakinta faffaɗa ne kamar na agwagwa, ba haƙori a gaba, amma can ciki haƙora ne ɗaruruwa a jere, in ɗaya ya cinye wani ya maye gurbinsa. Da su ta ke niƙa ganyaye. Ƙafafun baya sun fi na gaba tsawo da ƙarfi, tana iya tafiya bisa huɗu ko bisa biyu.

Abin mamaki duka yana ka. Wani dogon zanko na ƙashi ya miƙa baya, har kai da zanko suka wuce ƙafa 5. Zankon nan holoƙo ne, gama kafofin hanci sun bi ta cikinsa har ƙarshe, sa'an nan suka juyo suka gangara wajen maƙogwaro.

To, mene ne amfaninsa? Da waɗansu sun ce da shi ta ke shaƙar iska in ta nutse a ruwa. Aka duba, aka tarar ba ƙofa a bakin zankon, magana ta faɗi. Cikin 1931 wani masani na ƙasar Siwidin, Carl Wiman, ya ce abin busa ne. Cikin 1997, a New Mexico, aka siffanta kafofin nan da kwamfuta, aka sami wata murya mai kauri. Watau yadda tsawon kakaki ke ƙara wa amonsa nauyi, haka zankon nan. Galibin masana yau sun tsaya a kan kiran 'yan'uwa da gane juna.

Abin lura gare mu, masu shirin koyarwa, shi ne ƙashin da kansa ya raba gardama. Kada daɗin magana ya sa mu kai wa yara ita sai mun gwada ta.