Darasi: In Bangon Sito Ya Yi Ciki

Ya 'yan'uwa, ku sani siton da daɓensa ya yi ƙasa da titi, ruwan damina kan kwanta bayansa, ƙasa ta jiƙe ta turo bango ciki. Alamarsa tsaga a kwance. Yaɓe ba ya maganinta.

Ga yadda muke yi. A janye buhuna, a gyara indararo, a yanka wa ruwa hanya. A manna katako jikin bango, a tokare da azara. Duk ranar kasuwa a saki igiya da dutse daga sama, a auna tazara. In tana ƙaruwa, a kwashe hatsi, magini ya rushe ya sake. Kuɗin bulo bai kai ran ɗan dako ba.