Kafin Ka Hau Motar Ikko, Zauna Ka Yi Lissafi

Duk shekara idan jarrabawar ƙarshe ta matso, hirar ɗakin kwana da ta teburin mai shayi takan koma abu ɗaya. 'Yan ND 2 na tambayar juna inda za su yi IT na shekara guda kafin su dawo HND, 'yan HND 2 kuma na jiran su ga inda hukumar NYSC za ta jefa su. Da yawa daga cikinmu, 'yan Gulma da Argungu da Birnin Kebbi da Jega, idonmu na kan kudu, musamman Legas, wadda iyayenmu ke kira Ikko. Wasu kuma Fatakwal ko Kalaba ko Warri za su tsinci kansu. Darasin wannan fitowa a kan abin da ke jiran mutum can ne: kuɗin zama, da yadda rayuwar bakin teku ta bambanta da tamu ta bakin fadama.

Dubu goma ce tsakani

A ƙarshen 2024 gwamnatin Legas ta tsayar da mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta a kan naira 85,000, ta Kebbi kuma ta tsayar da 75,000. Dubu goma ke nan tsakani. Alawin bautar ƙasa da gwamnatin tarayya ke biya, wanda ya tashi daga 33,000 ya koma 77,000 a watan Maris na 2025, ɗaya ne ko'ina, ko Dakingari aka yi maka sansani ko Iyana-Ipaja.

To ina matsalar take? A gida akwai abubuwan da muke ci ba mu taɓa sa musu kuɗi ba. Ɗaki a gidan baba ko na kawu. Buhun shinkafar da aka kawo daga fadama. Ruwan rijiya ko na burtsatsen unguwa. Tafiyar ƙasa zuwa kasuwa da masallaci. Kwanon tuwon da gwaggo za ta aiko ba ka roƙa ba. A Legas kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi. Saboda haka idan an ce maka "za a riƙa ba ka kaza a wata", tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: nawa zai rage a hannuna ranar 30 ga wata?

Ɗaki

Haya a Legas ta shekara ake biya, a dunƙule. Bayan kuɗin hayar akwai la'adar dillali, wadda aka saba ɗauka kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin rubuta yarjejeniya, shi ma kashi 10, sannan masu gida da dama na karɓar kuɗin ajiya saboda ɓarnar da ɗan haya ka iya yi. Mu ɗauka, don misali kawai, an ce ɗaki 300,000 a shekara. Ƙara 30,000 na dillali, 30,000 na yarjejeniya, mu ce 30,000 na ajiya. Ya zama 390,000 kafin ka sayi tabarma. Alawin wata biyar cur, 385,000, bai biya shi ba. Amma idan ku uku kuka haɗa, kowa 130,000 zai kawo. Shi ya sa neman abokin zama tun daga nan makaranta ya fi neman sabuwar waya muhimmanci.

Ku san haƙƙinku. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta masa ba da rasit. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba, amma dama ba unguwannin ɗalibi ba ne. Kada ka tura wa kowa kuɗi saboda hoton ɗaki da ka gani a waya. Je ka da ƙafarka, ka ga mai gidan ko wakilinsa, ka tambayi maƙwabta. Akwai dillalan bogi da ke karɓar kuɗin mutum biyar a kan ɗaki ɗaya su kashe waya.

Masu bautar ƙasa, maza da mata, su fara neman masaukin ƙungiyoyinsu, MCAN ga Musulmi, NCCF ga Kirista, kafin su kama nasu. 'Yan'uwa mata, a tabbatar da masauki tun kafin a bar gida. Isa tasha da dare ba a san inda za a kwana ba, ba abin gwadawa ba ne.

Mota

Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a ji ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka ko'ina, amma a Legas nisa da cunkoso sun ƙara masa nauyi. Kuɗin danfo, motar nan mai launin ɗorawa, ba tsayayye ba ne: yakan tashi da safe, ya tashi da yamma, ya ƙara tashi idan ruwa ya sauko.

Mu sake ɗaukar misali. Ka samu ɗaki mai sauƙi a bayan gari, wurin aiki kuma na da nisa, kana kashe 2,000 zuwa da dawowa. Kwanakin aiki 22 sun cinye 44,000. Saura 33,000 daga cikin 77,000. Ka ci abincin 1,000 a rana, wanda kowa ya san ƙoshi ba ya ciki, 30,000 sun tafi. Saura 3,000, ba a yi maganar haya da ruwa da wuta da data da sabulu ba. Amma wanda ke zaune kusa da aiki, yana kashe 600 a rana, 13,200 kawai zai biya a wata. Ya tsira da fiye da dubu talatin, ya kuma tsira da barcinsa, don na nesa tun kafin asuba yake fita. Ka'idar ita ce: a fara sanin wurin aiki, sannan a nemi ɗaki. Ɗaki mai arha a nesa, a tasha ake biyan cikon kuɗinsa.

Akwai abin da ke rage zafi. Manyan motocin BRT, da suka fara aiki a 2008, farashinsu a rubuce yake. Jirgin ƙasa na cikin gari mai layin shuɗi yana zirga-zirga tsakanin Marina da Mile 2 tun Satumbar 2023, mai jan layi kuma daga Agbado zuwa Oyingbo tun Oktobar 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Duka da katin Cowry ake biya, ka nemi naka a makon farko.

Wanda ke lissafin zai yi kabu-kabu da yamma don cike giɓi, ya sake tunani. Tun 1 ga Yuni, 2022 an hana babur ɗin haya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, a Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Ana kama babur a murƙushe shi, fasinja ma bai tsira daga hukunci ba. Sannan a kiyayi shiga motar da ba a tasha ta yi lodi ba, musamman da dare. Akwai ɓarayin da ke shigar fasinjoji, mutanen gari na ce musu "wan cans".

Abinci

Abin dariya, abin haushi: rabin abin da za ka saya da tsada can, daga gidanku ya fito. Albasar Aliero a kasuwar Mile 12 ake sauke ta, tare da tumatir da tattasai da attaruhun arewa. Shinkafar nan ta LAKE da aka ƙaddamar a Disambar 2016 haɗin gwiwar Legas da Kebbi ce, manomanmu suka noma. Kafin kaya su bi ta Yawuri da Kontagora da Mokwa da Jebba da Ilori da Ibadan su isa, kuɗin mota da na shingayen hanya da na abin da ya ruɓe duk sun hau kansu, kuma kai mai saye za ka biya.

Dabara biyu ce. Ta farko, tafi da abin da ba ya lalacewa da wuri: shinkafa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, garin kunu. Ta biyu, koyi cin abin garin. Garin rogo, wake da manja, burodin Agege, kifin ƙanƙara, su ne abincin mai ƙaramin ƙarfi a can. Wanda ya ce shi sai tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi irin na Matan Fada kullum, aljihunsa zai gaya masa gaskiya. Ku haɗa tukunya ɗaya da abokan zama, ku yi sayayya a babbar kasuwa sau ɗaya a mako. Cin abinci a waje sau uku a rana shi ne hanya mafi sauri ta ganin ƙarshen alawi kafin 15 ga wata.

Ruwa, wuta da laima

Gari ne da ruwa ya kewaye, amma ruwan sha saye ake yi. Famfon gwamnati bai kai yawancin gidaje ba, ruwan wasu burtsatsai na kusa da teku kuma yana da gishiri ko ja-ja. Za ka ga 'yan ga-ruwa da kurarsu, akasari 'yan'uwanmu ne daga arewa da Nijar. A watan Yunin 2024 an yi annobar kwalara a Legas, don haka ruwan da ba ka yarda da shi ba, tafasa shi.

Kafin ka biya kuɗin ɗaki, tambayi yadda ake biyan wuta: mita mai kati ce ko raba takarda ake yi tsakanin 'yan haya? Wane layi gidan yake? A Afrilun 2024 an ɗaga farashin masu layin Band A zuwa sama da naira 200 kowane yunit. Wutar na daɗewa, kuɗin ma haka. Tambayi kuma kuɗin shara da na masu gadin unguwa, don ba a faɗarsu sai ka tare.

Zafinmu busasshe ne, nasu mai gumi. Ruwan saman da ke sauka a Legas ya kai ninki biyu na wanda muke samu, yana tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Wanki kan kwana biyu bai bushe ba, takalmi da jaka na yin fumfuna, kayan ƙarfe na tsatsa. Kukarka da daddawarka a zuba su a roba mai murfi, takardun makaranta a sa su a jakar leda a ɗora sama. Idan ka je duba ɗaki, kalli ƙasan bango: in ka ga zanen da ruwa ya bari, ambaliya na shiga gidan, komai daɗin bakin dillali. Gidan sauro kuwa dole ne, sauron can ba shi da rani.

Mutane

Ba kai ne farkon zuwa ba. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, akwai su a Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Apapa, kuma unguwanni da kasuwanni na da Sarkin Hausawa da shugabanni. Ka je ka gaishe su, ka nemi 'yan garinku, matambayi ba ya ɓata. Amma kada ka maƙale a cikinmu kaɗai. Koyi gaisuwar Yarbanci da ɗan Turancin buroka. Ciniki na sauƙi ga wanda ya iya gaisuwa. Rigima in ta tashi a kasuwa ko tasha, bar wurin, ko da kana ganin naka ne ke da gaskiya. A Maris na 2016 ƙaramar hatsaniya ta zama rikicin da ya ci rayuka, har aka rufe kasuwar Mile 12. Katin makaranta da na ɗan ƙasa kada su bar aljihunka. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin ya ba ka aiki, ba aikin zai ba ka ba.

Sai mutanen gida. Da an ji "wane na Ikko" sai a ɗauka ya samu. Kira zai fara shigowa: ƙanwa na son kuɗin littafi, aboki zai yi aure, inna ba ta jin daɗi. Zauna da baba da inna tun kafin tafiya, ka nuna musu lissafin a takarda. Gara su san gaskiya tun farko da su zaci rowa ce ta kama ka. Kuma ka ware kuɗin motar dawowa gida, ka ajiye inda hannunka ba ya saurin kai wa. Ko mi ya faru, wanga kuɗi ba na taɓawa ba ne.

To, a je ko kada a je?

A je, in lissafi ya fita. Abin da ɗalibin kimiyya da fasaha zai gani can ba zai gan shi a nan ba: tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, masana'antun Ikeja da Ilupeju, kasuwar kwamfuta da waya ta Ikeja, kasuwar kayan mota ta Ladipo. Mai karatun lantarki ko kanikanci ko gini ko akanta da ya yi shekara yana kallon yadda ake aiki, zai dawo da abin da ya fi alawi. Amma a tuna muna da kamfanonin casar shinkafa a gida, WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi, ga ma'aikatu da kamfanonin gine-gine. IT a gida da aka koyi aiki ya fi na Ikko da aka ƙare a layin mota.

Aikin gida na wannan darasi: ɗauki takarda, ka kira mutum biyu da ke zaune a unguwar da kake son zuwa, ka tambaye su farashin yau na ɗaki, mota, abinci, ruwa da wuta. Haɗa jimla, ka ƙara kashi 10 na rashin lafiya da abin da ba a zata ba, ka cire daga abin da ka tabbata zai shigo, ba wanda aka yi maka alkawari da baki ba. In ya rage wani abu, bismillah. In bai rage ba, nemi abokin zama, ko wurin aiki mai ba da masauki, ko ka canza gari. Mu Kabawa ba sai an koya mana ba, iya ruwa fidda kai. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya kai kowa lafiya ya dawo da shi lafiya.