Babban yarona da "hei" yake gaishe ni

 Babban yarona yana karatu a Suwidin. Yanzu duk saƙon da zai turo min ta WhatsApp da "hei Umma" yake farawa, ba sallama, ba ina kwana. Ƙanwarsa ta ce da wannan kalmar Turawa ke kiran wanda suka raina. Na daina amsa masa, kuma ina jin nauyin faɗa masa dalili. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Ƙanwar tasa rabin gaskiya ta faɗa miki. A Ingila kalmar tsohuwa ce, tun ƙarni na 13 ake ganin ta a rubuce, kuma aikinta na asali kira ne: a tsayar da mai wucewa, a tsawata wa yaro, ko a nuna mamaki, kamar dai "kai!" ɗinmu. Daga baya ne ta koma gaisuwar abokai, musamman a Amurka. Har gobe akwai dattawan Turawa da ba sa son a ce musu ita.

Amma ɗanki ba a Ingila yake ba. A Suwidin "hei" ita ce cikakkiyar gaisuwa. Da ita ɗalibi ke gaishe da farfesa, majinyaci ya gaishe da likita, jika ya gaishe da kakarsa, da safe ko da dare. Tun ƙarshen shekarun 1960 mutanen ƙasar suka ajiye yawancin laƙaban girmamawa, kowa yana kiran kowa da sunansa. Maƙwabtansu na Nowe da Finlan ma da ita suke gaisawa. Yaron da yake jin ta daga safe har dare, dole ta kama bakinsa, ba sai ya raina kowa ba.

Ke kanki, Hajiya, in wayarki ta yi ƙara me kike fara cewa? Na tabbata "halo" kan kuɓuce miki. To ita ma da can kira ce da nuna mamaki. Thomas Edison ne ya ba da shawara a 1877 a riƙa amsa tarho da ita, alhali Alexander Graham Bell, mai tarhon kansa, ya fi son "ahoi", kiran matuƙan jirgin ruwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa "alo" suke cewa, irin ta Faransa, ba wanda ya taɓa ɗaukar hakan rashin kunya.

Duk da haka ban wanke shi tas ba. Bahaushe ne ke rubuta wa mahaifiyarsa, ba Basuwide ba, kuma ya san a gidanku sai an durƙusa ake tambayar kwana da gajiya. Sallama ba ta cin data.

Inda ban goyi bayanki ba shi ne shirun. Yana can cikin sanyi yana tunanin ko ba ki da lafiya. Na san kunyar ɗan fari, don haka in bakinki ya yi nauyi, ki sa babansa ko ƙanwarki su ja masa kunne. Ko kuma ki tura masa saƙon murya yau ɗin nan, ki fara da cikakkiyar sallama, ki ce haka kike so ya riƙa fara nasa.