Yadda Ake Canza Kamshaf Da Saita Tayimin A Gida Da Taimakon Waya

Kamshaf shi ne sandan ƙarfe mai tozo-tozo da ke saman inji, wanda ke buɗe bawul a kan lokaci. Duk zagaye 2 na karanshaf, shi zagaye 1 yake yi, kuma wannan daidaito shi bakanike ke kira tayimin. Idan haƙori ɗaya ya goce, mota za ta rasa ƙarfi ta riƙa shan mai. Idan gocewar ta yi yawa, a injuna da dama fistin kan daki bawul ya lanƙwasa shi, ƙaramin gyara ya koma babba.

Misalin wannan darasi shi ne Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE. Kamshaf 2 gare shi da bawul 16, kuma sarƙa ce ke juya su.

Kafin a taɓa sifana, a jona na'urar OBD2 mai Bluetooth, irin ELM327, a ƙarƙashin sitiyari, a buɗe manhajar Torque a waya. Lambar P0340 na nuni ga layin na'urar da ke karanta juyin kamshaf, wanda sau da yawa ba ya buƙatar buɗe inji. P0016 kuwa na nufin kamshaf da karanshaf sun saɓa.

Matakan aiki:

1. A bar inji ya huce, a cire kan batir na nagatif, sannan koyil da filogi da murfin sama.
2. A juya karanshaf da sifana yadda hannun agogo ke tafiya, har tsagin fuli ya tsaya kan 0, alamomin giyoyin kamshaf biyu su fuskanci juna.
3. A ɗiga fenti kan sarƙa da giya, a ɗauki hoto daga gaba sosai, domin hoton gefe yana ruɗar ido.
4. A cire tenshina, a ɗaure sarƙar da igiya don kada ta faɗa ciki.
5. A kwance maƙallan kamshaf kaɗan-kaɗan, bi da bi. Kowanne na da lamba da kibiya, ba a musanya su.
6. A shafa wa sabon kamshaf baƙin mai, a ɗaure da sifanar awo bisa ƙa'idar littafin motar.
7. A mayar da sarƙa kan alamominta, a saka tenshina, a tabbatar ta saki ta matse sarƙar.
8. A auna tazarar bawul inji na sanyi: milimita 0.15 zuwa 0.25 a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita.

Mataki mafi muhimmanci shi ne na ƙarshe: kafin a murɗa makulli, a juya karanshaf zagaye 2 da hannu. Idan ya cije, a tsaya nan take, kada a tilasta shi. Fentin sarƙa ba zai dawo wurinsa ba bayan juyin, kuma hakan ba matsala ba ce. Abin dubawa shi ne tsagin fuli da alamomin giya.

Bayan an tayar da mota, a goge tsofaffin lambobi a sake karantawa. Idan P0016 ta dawo, a kashe inji a sake duba alamomin. Wanda ba shi da sifanar awo da littafin motar, gara ya kai wa ƙwararren bakanike.